Filafili Daidai Da Mai Shi: Sirrin Tuƙin Kwale-kwale A Tafkin Jabi

Duk wanda ya bi ta unguwar Jabi a birnin Abuja da yammacin Asabar ko Lahadi, ba zai rasa ganin waɗansu 'yan ƙananan jirage masu launi iri iri suna yawo a kan tafkin da ke wurin ba. Tafkin dai ba na asali ba ne, tare ruwa aka yi ya taru, amma yau ya zama wurin shan iska ga mutanen babban birnin tarayya, kuma da yawa daga cikinsu a nan ne suke fara taɓa filafili da hannunsu. Abin da yakan faru kuwa shi ne, mutum ya shiga da murna, kafin rabin sa'a ya fito kafaɗu na zugi, tafin hannu ya yi bororo, ya ce wannan aiki sai ƙarfafa. Alhali kuwa ba rashin ƙarfi ne ya kāyar da shi ba. Abu biyu ne: filafilin bai dace da jikinsa ba, sa'an nan da hannu kaɗai ya yi tuƙin.

Irin wannan jirgi shi ake kira kayak. Asalinsa daga mutanen Inuit ne da maƙwabtansu, mazauna ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya, waɗanda ke ɗinka shi da fatar dabbobin ruwa domin farauta. Wani mutumin Sikotland mai suna John MacGregor shi ya sa Turawa suka ɗauke shi abin wasa, bayan tafiyar da ya yi a kogunan Turai a 1865, kuma a 1936 aka shigar da tserensa cikin wasannin Olimfik a birnin Balin. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba, domin Jonathan Akinyemi ya wakilce ta a wannan fanni a Landan a 2012, Ayomide Bello kuma ta yi tseren kwale-kwale a Tokiyo a 2021. A watan Nuwamba na 2023 ma a Abuja aka yi gasar ƙasashen Afirka ta neman gurbin zuwa Olimfik.

Tuƙin ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawan Kabi da Yawuri sun gaje shi kaka da kakanni, kuma tseren kwale-kwale yana cikin abubuwan da ake kallo a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934. Sai dai filafilin Sarkawa baki ɗaya gare shi, inda ruwa ba zurfi kuma su sa gora. Na kayak kuwa baki biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshe, matuƙi yana zaune ƙasa ƙasa da ƙafafu a miƙe, yana tsoma na dama sa'an nan na hagu. Saboda haka tsawon filafilin shi ne abu na farko da ya kamata a lura da shi.

Manomi ya san wannan magana tun a gona. Ƙotar fartanya in ta gajarta ta karya masa baya, in ta yi tsawo ta gajiyar da damtse. Haka filafili yake. In ya cika tsawo, nauyinsa zai ƙaru, bakinsa ya riƙa faɗawa nesa da jirgi, jirgin kuwa ya yi ta karkata dama da hagu maimakon ya miƙe sosai. In kuma ya gajarta, sai matuƙi ya riƙa sunkuyawa don ya kai ga ruwa, yatsunsa suna bugun gefen jirgi, ƙugunsa yana ɗaukar wahalar.

Masu ƙera filafili suna auna shi da santimita, kuma na ruwa mai kwanciya kamar na Jabi yawanci daga 210 ne zuwa 250. Abu biyu ake dubawa, wato tsayin mutum da faɗin jirgi. Wanda bai kai santimita 165 ba, in jirginsa siriri ne da bai wuce santimita 60 a faɗi ba, filafili mai 210 zuwa 220 ya ishe shi. Mai matsakaicin tsayi, daga 165 zuwa 180, a jirgi mai faɗin 60 zuwa 70, wajen 230 zai nema. Dogon mutum kuwa, ko wanda ya shiga faffaɗan jirgi irin wanda akan ba sababbin shiga don kada ya kife, sai ya kai 240 ko 250. Dalili kuwa a fili yake: gwargwadon faɗin jirgi, gwargwadon nisan da ke tsakanin hannu da ruwa.

In babu ma'auni a kusa, akwai tsohuwar dabara. Mutum ya tsayar da filafilin a gabansa, ya miƙa hannu ɗaya sama; in yatsunsa suka lanƙwasa a kan bakin na sama, to, ya yi kusa da daidai, sai a ƙara kaɗan in jirgin mai faɗi ne. Wajen riƙo kuma, ya ɗora tsakiyar ƙotar a bisa kansa, ya matsar da hannuwansa har kowace gwiwar hannu ta yi kusurwa sosai kamar ta ɗaki. Inda hannuwan suka tsaya nan ne mariƙinsa.

Nauyi ma abin dubawa ne. Filafili mai ƙotar alminiyam ya fi araha da ƙarko, amma yakan kai kilo ɗaya ko fiye, na zamani marar nauyi kuwa yakan tsaya wajen giram 700. Bambancin kamar ba kome ba ne a hannu, amma wanda zai ɗaga shi sau ɗaruruwa a kowace kilomita shi zai ba da labari. Faffaɗan baki kuma yana kama ruwa da yawa, ya dace da 'yan tsere. Mai yawon shan iska siririn baki ya fi masa sauƙi. Akwai kuma filafilin da aka murɗa bakinsa ɗaya ya saɓa wa ɗayan don rage tokarar iska. Wannan yana sa a riƙa juya wuyan hannu a kowane tsomawa, shi ya sa ya fi kyau mai koyo ya fara da wanda bakunansa ke kallon wuri ɗaya.

To, in an sami filafili daidai, saura tuƙin. Babban kuskuren mai koyo shi ne ya ɗauka damtse ke tafiyar da jirgi. Naman hannu ƙarami ne, nan da nan yake gajiya. Ƙarfin gaske yana baya da ciki da cinya. Sai matuƙi ya zauna a miƙe, ƙafafunsa na dogare da matakin da ke cikin jirgin, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Ya juya ƙirjinsa gaba ɗaya, ya tsoma bakin filafili daidai tafin ƙafarsa har ruwa ya rufe bakin, sa'an nan ya warware juyin yana tokarawa da ƙafar wannan gefe. Da bakin ya iso ƙugunsa sai ya cire, domin abin da ya wuce nan ɗaga ruwa ne kawai, ba tafiya ba. Kada ya damƙe ƙota kamar mai kokawa da ita. Riƙo sassauƙa shi ke hana bororo da kumburin jijiyar wuyan hannu. Kada kuma ya bar hannunsa ya wuce bayan kafaɗa, musamman a sama, gama ta nan ne kafaɗa takan goce.

Wannan magana ba ta jin daɗi kaɗai ba ce. Daminar Abuja, wadda kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, takan zo da hadari da iska ba zato, kuma wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen tafiya ba shi da na dawowa. Ya kamata mai koyo ya bi gefen tafki, ya fara da fuskantar iska don ta turo shi in zai komo, ya fita da zarar ya ji tsawa. Rigar ceto kuwa tilas ce, ko ga gwanin iyo. Mutanen ƙasar nan ba su manta da hatsarin jirgin ruwa na Wara a Jihar Kebbi a 2021 da na Patigi a Jihar Kwara a 2023 ba, inda aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Ruwa ba ya bambanta babban jirgi da ƙarami.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Minti biyar da mutum zai ɓata a bakin ruwa yana gwada filafili da jikinsa, yana ɗaure rigarsa, su ne za su kai shi su komo da shi lafiya. Allah Ya kiyaye hanya, ta tudu da ta ruwa.