Sunayen hujja marar tushe: fallacy, sophisme da abin da Hausa za ta ce

Tun da Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, batun kalmomin ilimi ya wuce hirar ofis. Wannan ƴar takarda ta taƙaita ne ga fage ɗaya: sunan da za mu bai wa hujjar da ta yi kama da ingantacciya alhali ba ita ba ce.

Harsunan aikin biyu ba su yi rabon iri ɗaya ba. Faransanci yana cewa sophisme idan mai magana ya san ruɗi yake yi, paralogisme idan shi kansa ya ruɗe. A Ingilishi kalmar fallacy ta haɗa duka biyun, har takan nufi ra'ayin da ya yaɗu amma ba gaskiya ba ne. Ɗalibin da ya mayar da kowace fallacy sophisme ya ɗora wa marubuci mugun nufin da ba a zarge shi da shi ba.

Hausa ba ta zo fagen hannu rabbana ba. Malaman zaure sun daɗe da manɗiƙi da balaga. Al-Magili, wanda ya ratsa Agadas da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare manɗiƙi a gardamarsa da Suyuɗi, kuma Sullam na Al-Ahdari, na ƙarni na 16, yana cikin littattafan da ake karantawa. Ta wannan hanya ce kalma irin mugalaɗa ta shigo bakin malamai. Sai dai ɗan lakkwal bai san ta ba. Don haka muka fi son ruɗin hujja a matsayin suna na gaba ɗaya, a ƙara "na ganganci" ko "na kuskure" inda ake bukata.

Inda ɗalibbanmu suka fi tuntuɓe shi ne begging the question. Ba roƙo a ciki, ba tambaya. Gurguwar fassara ce ta Latinanci petitio principii, wadda Faransanci ya riƙe da pétition de principe. Arisɗo ya lissafta ruɗi 13, shida masu tasowa daga lafazi, bakwai daga wajensa, kuma wannan yana cikin bakwai ɗin. Ma'anarsa: kafa hujja da abin da ake gardama a kansa. Misali:

(1) Hausar Kano ita ce daidai, domin ita ce ba ta da kuskure.

Jimlar ba ta taka ko taki ɗaya ba: "ba ta da kuskure" shi ne "daidai" da aka canza wa riga. (Mun sha jin (1) a tarurruka, daga bakin masu digiri.) Abin da ya ƙara dagula lamarin, masu Ingilishi da yawa yanzu suna amfani da furucin da nufin "wannan ya jawo tambaya". Dole mai karatu ya duba ko tambaya ta biyo baya. A Hausa muna ba da shawarar hujjar zagaye.

Game da ad hominem kuwa, wasu abokan aiki sun kawo zambo ko habaici. Ba mu yarda ba. Zambo salo ne na adabi, maroƙi bai yi da'awar warware wata mas'ala ba. Ruɗin yana faruwa ne kawai idan aibin mutum ya tsaya a gurbin amsar maganarsa:

(2) Kada ku saurari lissafinsa, ai mashayi ne.

Ko nan ma da sauran magana. Idan shaida ce mutumin ya bayar, ba lissafi ba, halinsa yana cikin abin dubawa, kamar yadda alƙali yake neman adalcin mai shaida. Sunan da muka ajiye na wucin gadi shi ne sukar mai magana, kafin sashen ya zauna a kansa.