Cutar dajin hular ƙoda: gadon da ya bi hanyar fatake a Birazil

A kudancin ƙasar Birazil akwai wata tsohuwar hanyar fatauci da ta taso daga garin Viamao, ta ratsa yankin da ake kira jihar Parana a yau, ta dire a babbar kasuwar dabbobi ta Sorokaba da ke jihar Sawo Paulo. A ƙarni na 18 fatake, akasarinsu tsatson Fotugal, suka riƙa bin ta da alfadarai da shanu, suna yada zango, suna aure, suna barin zuriya. Yau likitoci sun tabbatar cewa dubban mutanen wannan yanki suna ɗauke da wani lahani iri ɗaya a cikin ƙwayar gado, wanda suka samo daga kaka guda. A shekarar 2010 wasu masu bincike suka kawo hasashen cewa wannan hanya ta fatake ce lahanin ya bi ya bazu. Ko ma dai ta ina ya bi, cutar dajin hular ƙoda tana kama yaran kudancin Birazil ninki 10 zuwa 15 fiye da yaran sauran duniya, kuma abin da aka koyo a can ya shafi kowane mai iyali.

Mece ce hular ƙoda?

A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da ta zauna kamar hula, likitoci suna kiran ta adirenal. Nauyinta bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, amma aikinta ya fi ƙarfin girmanta. Cikinta ne ke fitar da sinadarin adirenalin, wanda ke sa zuciya bugawa da sauri lokacin firgita. Ɓawonta kuwa yana fitar da kotizol mai daidaita sukari da ƙarfin jiki, da aldositeron mai kula da gishiri da gudun jini, da kuma wani kaso na sinadaran balaga. Dajin da muke magana a kai a ɓawon nan yake tsirowa. Ba cuta ce mai yawa ba, domin a cikin mutum miliyan ɗaya, ɗaya ko biyu take kamawa a shekara. Mafi yawan ƙullutun da ake gani a hular ƙoda ma ba daji ba ne, suna zaune lafiya ba sa yaɗuwa. To me ke sa wani ƙullutu ya zauna wurinsa, wani kuma ya tashi ya kai ga hanta da huhu? Amsar tana cikin ƙwayoyin gado.

Mai duba kaya da totur

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta masu rabuwa su hayayyafa, kuma a cikin kowace akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 da ke ba ta umarni. Ɗaya daga cikinsu sunanta TP53. Aikinta kamar na ma'aikacin duwan ne a bakin iyaka: kafin ƙwayar halitta ta rabu sai ta duba ta, in ta ga ɓarna ta tsayar da ita a gyara, in ba ta gyaruwa ta sa ta mutu. Idan TP53 ta lalace, sai kaya marasa kyau su yi ta wucewa ba mai tare su. A shekarar 2001 Dakta Raul Ribeiro na asibitin St. Jude da ke Memfis a Amurka, tare da likitocin birnin Kuritiba, suka binciki yara 36 masu wannan ƙullutu a kudancin Birazil, suka tarar 35 daga cikinsu suna da lahani iri ɗaya a TP53, wanda aka sa wa suna R337H.

Ta biyu ita ce IGF2, mai sa girma, wadda za a iya kwatanta ta da totur a mota. A ƙa'ida wadda aka gada daga uba ce kaɗai ke aiki, ta wajen uwa tana shiru. A cikin kusan kashi 90 cikin 100 na wannan daji sai a tarar ta wajen uwa ta ɓace, ta uba ta ninku, totur ya maƙale a ƙasa.

Bugu da ƙari, a shekarar 2014 ayarin Guillaume Assié da Jérôme Bertherat na asibitin Cochin da ke Paris ya gano cewa wata ƙwayar gado mai suna ZNRF3 ta lalace a kimanin kashi 21 cikin 100 na dajin da suka bincika. Ita da wata da ake kira CTNNB1 hanya ɗaya suke aiki, ɗaya tana tura ƙwayar halitta ta hayayyafa, ɗaya tana taka mata birki. A 2016 kuma wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda masanan jami'ar Michigan suke cikin jagororinsa, ya duba ƙullutu 91 ya raba su gida uku: masu tafiyar hawainiya, matsakaita, da masu saurin bazuwa. Haka zalika ya nuna cewa dajin ya fi tsananta idan ƙwayar halitta ta ninka dukkan kayan gadonta baki ɗaya. A wajen manya, akasarin waɗannan lahani a cikin ƙullutun suke faruwa, ba gadonsu aka yi ba, kuma ba a ba ƴaƴa. A wajen yara ne gado ya fi ƙarfi.

Gwajin jarirai a Parana

Da suka san abin da suke nema, likitocin Parana ƙarƙashin Dakta Bonald Figueiredo suka shiga gwada jinin jarirai tun daga 2005 har 2010. An gwada jarirai 171,649, aka samu 461 masu ɗauke da R337H, wato kusan ɗaya cikin kowane 370. Aka nemi iyayensu da su riƙa kawo su gwajin jini da hoton ciki lokaci zuwa lokaci. Kimanin rabi suka amsa, saura suka ƙi ko suka gaza. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa yaran da ake bibiya, da ƙullutun ya fito an gan shi tun yana ƙarami aka cire. Waɗanda ba a bibiya kuwa sun zo da ƙullutu manya, kuma biyu daga cikinsu sun rasu. Lahanin ɗaya ne, bambancin kawai lokacin da aka gano cutar.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu. Na farko, mafi yawan masu ɗauke da lahanin ba su kamu da wannan daji ba. Na biyu, lahanin TP53 yana iya zuwa ta wajen uba kamar yadda yake zuwa ta wajen uwa, kuma kowane ɗa yana da damar rabi da rabi na ɗauka. Don haka babu dalilin ɗora wa matar gida laifi. Likitoci biyu na Amurka, Frederick Li da Joseph Fraumeni, tun a 1969 suka bayyana irin iyalan da daji ke yawan bi tun da ƙuruciya, musamman na nono, da ƙashi, da ƙwaƙwalwa, da hular ƙoda, kuma a 1990 aka tabbatar TP53 ce sanadi. Irin waɗannan iyalai ana samun su a kowace nahiya.

Alamomin da ba a zama da su

Yaron da bai kai shekara 5 ba ya fara tsirar da gashin mara, ko ƙurajen fuska irin na samari, ko muryarsa ta buɗe, ko al'aurarsa ta girma fiye da shekarunsa, wannan ba abin dariya ba ne, ba kuma aikin iska ba ne, a kai shi asibiti. A wajen manya, musamman masu shekara 40 zuwa 60, alamun su ne fuska ta kumbura ta zama da'ira, ciki ya yi teɓa alhali hannuwa da ƙafafu suna ramewa, hawan jini da ciwon sukari su zo kwatsam, mace ta tsirar da gemu al'adarta ta ɗauke, ko ciwo ya zauna a kwiɓi.

A nan ƴan kasuwa suna da abin lura. Man canza launin fata masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone, da ƙwayar dexamethasone da wasu ke sha don neman ƙiba, dukkansu dangin kotizol ne, kuma suna kawo kumburin fuska da hawan jini irin na wannan cuta. Ba su ne ke haddasa dajin ba, amma suna rikita alamu, suna kuma sa hular ƙoda ta daina aikinta, shi ya sa wanda ya daɗe yana amfani da su bai kamata ya bari rana ɗaya ba sai da shawarar likita. Duk wanda ya je asibiti ya faɗi gaskiyar abin da yake shafawa ko yake sha.

Babban maganin wannan daji har yanzu shi ne aikin fiɗa a cire ƙullutun gaba ɗaya ba tare da ya fashe ba. Bayansa ana ba da mitotane, maganin da ya samo asali daga dangin DDT na kashe ƙwari, wanda Amurka ta amince da shi a 1970. Alƙaluman likitocin Turai na 2018 sun nuna cewa idan dajin bai fita daga hular ƙoda ba, mutum 60 zuwa 80 cikin 100 suna kai shekara biyar a raye, idan kuwa ya bazu adadin ba ya wuce 28. Gwajin ƙwayar gado ba kowa ne yake da halinsa ba, amma sanin tarihin gida kyauta ne. Mai gida ya tambayi dattawan danginsa wa da wa daji ya kashe tun suna da sauran ƙuruciya, ya riƙe amsar, ya gaya wa likita ranar da ya kai yaro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.