Binciken Jami'o'i a kan Lafiyar Baƙi da Matafiya: Misali daga Kan Iyakar Jibiya

Masana harkar lafiya sun daɗe da gane cewa idan mutum ya bar ƙasarsa ya koma wata, cututtukan da ke kama shi su ma sukan canza. Wannan ne ya sa jami'o'i da yawa suka keɓe nazarin lafiyar baƙi ya zama fanni mai cin gashin kansa. A Birtaniya an fi yin wannan nazari a kan mutanen Indiya da Pakistan da suka je neman aiki bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1962 likitoci a birnin Gilasgo suka ba da rahoton cewa 'ya'yan Pakistanawa suna fama da ciwon laushin ƙashi, wanda ke lanƙwasa ƙafafun yara, alhali kuwa ciwon ya kusa ɓacewa a tsakanin Turawan garin. Da aka bi diddigi sai aka ga ƙarancin bitamin D ne, saboda ƙarancin hasken rana a can da kuma irin abincin da suka saba ci. A 1985 kuma wani bincike a unguwar Southall ta Landan ya nuna ciwon sukari ya fi yawa ƙwarai a tsakanin mutanen Asiya, har ya kai kusan ninki huɗu na Turawa.

To, wannan duk a kan baƙon da ya tafi ya zauna ne, yana da gida da lamba, harshensa daban, abincinsa daban. Mai bincike ba ya shan wahalar gane shi. Amma baƙon da ke ratsa Jibiya wani iri ne dabam, kuma a nan ne aikin ya yi wuya.

Jibiya tana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Magama ta shiga Nijar, ta wuce Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Kamar yadda aka sani, sarakunan Katsina da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa mulki a Maraɗi, iyakar da ta raba su da 'yan'uwansu kuwa Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. Watau Bamaraɗe da ya zo cin kasuwa Jibiya baƙo ne a wurin hukuma kawai. Harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya kuma ba ta taɓa yankewa ba. Ban da 'yan kasuwa, akwai 'yan ci-rani masu gangarowa bayan kaka, akwai Fulani makiyaya masu bin ruwa da ciyawa, akwai Buzaye waɗanda farin 1973 da 1974 ya karkashe wa dabbobi suka watsu cikin biranen Arewa suna aikin gadi. Tun daga 2019 kuma tafiyar ta sake fuska, domin dubban mutane daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga.

Wanda ya fara jawo hankalin masana sosai a kan dangantakar irin wannan zirga-zirga da cuta shi ne R. Mansell Prothero na Jami'ar Libaful. Ya yi nazarin 'yan ci-ranin Lardin Sakkwato a shekarun 1950, sa'an nan a 1965 ya fitar da littafi a kan matafiya da zazzaɓin cizon sauro. Hujjarsa mai sauƙi ce: ko an yi feshi an ba da magani an tsabtace wani yanki, matafiyi zai dawo da ƙwayar cutar a cikin jininsa daga inda ba a yi ba. Shirin da bai lissafa masu shiga da fita ba ya yi kama da ɗiban ruwa da kwando.

A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello, tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, ta gudanar da babban bincike a ƙasar Malumfashi, aka ƙirga mutane gida gida ana bin lafiyarsu. A Zariya kuma Brian Greenwood da abokan aikinsa sun yi shekaru suna nazarin sanƙarau. Wannan cuta ba ta san iyaka ba. Tun 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya bayyana zirin ƙasar da take yawan ɓarkewa a cikinsa lokacin rani, kuma Katsina da Maraɗi duk suna ciki. A annobar 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Sabuwar allurar riga-kafi mai suna MenAfriVac an fara ta a Nijar a 2010, a Nijeriya a 2011, kuma ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna a da, ko da yake wasu nau'o'in sun ci gaba da ɓullowa.

Amma fa binciken Malumfashi da makamantansa mazauna gida suka fi kamawa. Mai ƙirga ya zo da rani, maigida yana Kano ko Legas. Ya zo da damina, makiyayi ya yi arewa da shanunsa. Masu bincike na wata cibiya ta ƙasar Suwizalan sun ga iyakar wannan matsala a Cadi wajen shekarar 2000: a cikin 'ya'yan makiyayan da suka duba ba su sami ko ɗaya da ya kammala alluran riga-kafinsa ba, alhali shanu da yawa an yi musu tasu. Sai aka haɗa ma'aikatan lafiya da malaman dabbobi a mota ɗaya, a yi wa saniya a yi wa yaro a rana guda. Dabara ce da ta dace da rugage da mashayu na kan iyakar Jibiya.

Akwai kuma batun harshe, wanda likitoci sukan raina. Yawancin takardun tambayoyi da Turanci ko Faransanci ake tsara su, daga baya a juya su zuwa Hausa a gurguje. Bahaushe kuwa idan aka tambaye shi lafiyarsa, "lafiya lau" zai ce ko da a kwance yake. Kalmar zazzaɓi ta haɗa cututtuka da yawa. Ciwon sanyi na iya nufin ciwon gaɓoɓi, yana kuma iya nufin abin da mace ba za ta faɗa wa baƙon namiji ba. Shawara ba lalle ta yi daidai da cuta guda ɗaya a littafin likita ba. Har wurin jinyar ma, abin da Bakatsine ke kira asibiti shi Bamaraɗe ke kira gidan likita. Uwa ta kai ɗanta can an rubuta mata kati da Faransanci, ta dawo Jibiya ma'aikaci ya kasa karantawa, sai ko dai a maimaita allura ko a tsallake ta. A shekarun baya-bayan nan iyaye mata da yawa daga Nijeriya sun riƙa kai yara masu tamowa cibiyoyin jinya na yankin Madarunfa. Irin waɗannan yara a lissafin Nijar suke fitowa, ƙasar da suka fito kuwa ba ta da labarinsu.

Abu mafi nauyi shi ne amana. Lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Wannan tabo yana cikin dalilan da mutane suka kawo lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Indunisiya. Idan mazaunin birni yana ɗari-ɗari da mai ɗibar jini, ina ga baƙon da ba shi da takarda, wanda duk mai riƙe da biro a ganinsa ma'aikacin shige-da-fice ne? Sa'ad da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, mutane ba su daina tsallakawa ba. Hanyoyin daji suka koma bi a kan babura, inda babu ma'aikacin lafiya mai ɗiga wa yaro magani a baki, babu kuma mai rubuta sunansa.