Aska ko reza: Wacce ta fi dacewa da gemunka?

Tun da kamfanin Gillette ya fito da reza mai baki biyu a 1971, sannan mai baki uku a 1998, matasa da dama suka juya wa zabirar wanzami baya. Reza ba ta buƙatar gwaninta, sai dai bakinta na farko yana jan gashi, na bayansa ya yanke shi ƙasa da fata. Ga mai murɗaɗɗen gashi, daga nan ƙurajen aski ke farawa.

Aska kuwa bakinta ɗaya, daidai fata take yanka, kuma idan ana wasa ta takan yi shekaru. Haɗarinta shi ne yawo daga wannan kai zuwa wancan: ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini.

Idan wurin wanzami za ka, tafi da askarka.