Daga Gindin Dutse Zuwa Sahun Salla: Abubuwan Mamaki 7 Kan Tauhidi a Ƙasar Zamfara

Duk wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, ya ratsa Tsafe, ya gifta 'Yandoto, ya hango dutsen Kwatarkwashi, tarihin imanin kakanninsa yake takawa ko bai sani ba. Ga kaɗan daga abin da wannan hanya ta gani.

1. Dutsen da aka yi wa yanka. Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ta yi suna a ƙasar Hausa da tsafin Magiro, wanda Maguzawa ke jin tsoronsa ƙwarai. A can ne kuma a da ake bikin kamun maiki, inda samari ke hawa tsaunin su kamo wannan babban tsuntsu da ke sheƙa a kogunansa. Yau Kwatarkwashi masarautar Musulmi ce, kuma kiran salla ne ke amsa kuwwa a jikin dutsen sau biyar kullum. Dutsen na nan yadda Allah ya ajiye shi, zukatan mutane ne suka juya.

2. Maguzawa sun san Allah. Wannan na ba mutane da yawa mamaki. Bamaguje ya yarda Allah ne ya halicci sama da ƙasa, har rantsuwa yana yi da sunansa. Sai dai yana ganin Allah ya yi nisa, don haka iskoki yake yi wa yankan baƙin bunsuru ko jan zakara idan yana neman ruwan sama ko haihuwa. Haka Ƙuraishawa suke kafin a buɗe Makka a shekara ta 8 bayan hijira: sun san Mahalicci, amma gumaka 360 ne kewaye da Ka'aba. Sanin Allah daban, kaɗaita shi da bauta daban.

3. Aljani mai rawani. A cikin iskokin bori akwai wanda ake kira Malam Alhaji. Idan ya hau mutum, sai a ga ya zauna kamar tsohon malami, yana tari, yana jan carbi. Shirka ta iya aron riga, shi ya sa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta dage wajen janye mata daga bori ta hanyar 'Yan Taru, mata masu yawo ƙauye-ƙauye suna koyar da 'yan uwansu addini.

4. Tsafe da sarautar malamai. A kunne, sunan Tsafe ya yi kusa da kalmar tsafi, amma sarkin garin 'Yandoton Tsafe ake ce masa. 'Yandoto kuwa tsohon birnin ilimi ne da ɗalibai ke zuwa daga nesa, tun kafin a haifi Shehu Usmanu a 1754. Labarin baka na Katsinawa ya ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko.

5. Shekara biyar ta wa'azi. Kafin hijirar Gudu ta 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekara 5 a ƙasar Zamfara yana karantarwa, har ya zauna a Faru. Ba shi da runduna a lokacin, sai littafi da harshe, yana wa'azi da Fulatanci da Hausa. A littafinsa Nurul Albabi ya fi nuna damuwa da masu haɗawa, wato masu kalmar shahada da salla, amma suna yanka wa itatuwa da duwatsu.

6. Gari mai sunan matsawa. Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau a zamanin jihadi, bayan ya zauna a 'Yandoto. Ana cewa daga kalmar gusawa sunan ya samo asali. A garin nan ne aka ƙaddamar da Shari'a a ranar 27 ga Oktoban 1999, shekara 3 bayan ƙirƙiro jihar Zamfara.

7. Tsafin da aka fasa aka tarar da Alƙur'ani. Wannan a Kano ya faru, amma ya shafi kowa. Sarakunan Kano sun daɗe suna yi wa wani ƙunshi mai suna Dirki yankan shanu. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Alwali, wanda ya hau mulki a 1781, ya sa aka sare ƙunshin da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki, an naɗe shi da fatu. Littafin da ya zo hana shirka, shi aka rufe aka mayar abin yi wa yanka, don an daina karanta shi.

Labarin Dirki ne ya fi tsaya mini a rai. A kwanakin nan da rashin tsaro ya addabi ƙauyukanmu, tsoro kan kai mutum wurin boka ko mai duba, a ɗaura masa guru a ce shi ne tsari. Kakanninmu sun bar gindin dutse da saninsu, bayan sun saurari malamai sun gamsu. Ya rage gare mu mu buɗe Littafin mu karanta, mu koya wa 'ya'yanmu ma'anar kalmar shahada, mu kai kukanmu ga Allah shi kaɗai.