Me Ake Koya wa Mai Almakashi a Jami'a?

Idan yaro ya ce da mahaifinsa zai karanta tsara tufafi a jami'a, amsar da zai samu kusan sananniya ce: "Ɗinki kuma sai an je jami'a? Ga shagon kawunka nan." Uban yana da hujja. Telan da ya shekara goma a kan keke zai yanka kaftani ba tare da ya ɗauki alli ba, abin da ɗalibin shekarar farko ba zai ko gwada ba. Sai dai abin da ake koyarwa a waɗannan makarantu ba sarrafa keke ba ne kawai, kuma labarin Alexander McQueen ya fi kowane bayani fito da bambancin.

McQueen ɗan direban tasi ne a Landan. Ya bar makaranta yana da shekara 16, ya shiga koyon ɗinki a Savile Row, layin telolin da ke ɗinka wa manyan Ingila kwat. Ya ƙware a yanka har ya je kwalejin Central Saint Martins neman aikin koyarwa. Shugabar sashen digiri na biyu, Bobby Hillson, ta duba zane-zanensa ta ce ɗalibi ya kamata ya zama. Wata gwaggonsa ce ta ranta masa kuɗin makaranta. Da ya kammala a 1992, Isabella Blow, wata 'yar jaridar kayan ƙawa, ta saye duk tufafin da ya nuna a bikin gama karatu. Bayan shekara huɗu kamfanin Givenchy na Faransa ya ɗauke shi ya jagoranci tsara kayansa. Hannu ya riga ya iya tun a shago. Makaranta ta tilasta masa ya yi bincike, ya gina tufafi da yawa a kan tunani guda, ya kuma kare wannan tunani a gaban malamai masu tsananin suka.

A nan ne aikin yake. Tela yana jiran mai kaya ya kawo yadi ya faɗi irin ɗinkin da yake so. Ɗalibin tsara tufafi kuwa jigo ake ba shi, a ce ya je ya dawo da abin da babu shi a da. Zai shiga ɗakin karatu da gidan tarihi, ya tara hotuna da guntayen yadi a littafi, ya yi zane bila adadin kafin a amince da ɗaya. Daga nan ya fitar da tsarin yankan a kan takarda, gaba daban, baya daban, hannu daban, da rarar da ɗinki zai cinye. Ba ya taɓa yadi mai tsada sai ya ɗinka rigar gwaji da akoko, ya sa wa mutum-mutumi, ya kafe da allura, ya warware, ya sake. Wani lokacin ma a jikin mutum-mutumin ake naɗa yadin a ga yadda zai zuba, sannan a kwafe siffar zuwa takarda.

Amfanin wannan takarda ba ƙarami ba ne. Telan da ke yanka da ido mutum ɗaya yake yi wa riga. Tsarin da ke kan takarda kuwa ana iya ƙara masa girma ko a rage shi bisa lissafi, a aika wa masana'anta ta fitar da dubbai, kowace daidai da 'yar uwarta. Ana kuma koyar da ilimin zare da yadi, wane ne ke shan rini, wane ne ke tsukewa in ya sha ruwa, da tarihin sutura, da zane a kwamfuta, da lissafin abin da riga za ta ci kafin a sa mata farashi. Wannan darasi na ƙarshe ɗalibai ba su cika son sa ba, shi ne kuma yake raba wanda zai riƙe kamfani da wanda zai rufe shi.

A Ingila digirin farko shekara uku ne, ko huɗu idan an haɗa da shekarar sanin makamar aiki a kamfani. Sakamakon jarrabawa kaɗai ba ya shigar da mutum, sai ya nuna kundin zane-zanensa. Karatun kuma yana ƙarewa da nunin tufafi, inda masu saye da 'yan jarida ke zuwa farautar sabon jini. A irin wannan nuni ne a 1984 kantin Browns ya saye kayan wani ɗalibi mai suna John Galliano.

Ba Landan kaɗai ba. Akwai Parsons a New York, da makarantar fasaha ta Antwerp a Beljiyam, da Bunka a Tokyo, wadda Yohji Yamamoto ya shiga bayan ya gama digirin lauya, yana taya mahaifiyarsa aiki a shagon ɗinkinta.

Afirka ta Yamma ta daɗe da shiga wannan fage. Shade Thomas-Fahm ta tafi Ingila a shekarun 1950 da niyyar karatun jinya, ta ɓuge da karatun tsara tufafi a Saint Martin's, ta dawo Legas a 1960 ta buɗe kanti da wurin ɗinki, tana mayar da aso-oke da adire kayan zamani. Alphadi na Nijar ya yi nasa karatun a Paris, kuma a 1998 ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a hamadar Tigidit, kusa da Agadas. A gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da zayyanar yadi a sashenta na zane-zanen masana'antu, kwalejojin kimiyya da fasaha na Kaduna da Yaba kuma suna ba da difloma a tsara tufafi.

Harkar tana da tsada ko a ina. Ban da kuɗin makaranta, ɗalibi ne yakan sayi yadin aikinsa na ƙarshe daga aljihunsa. Kaɗan ne kuma daga cikin masu kammalawa sunansu ke hawa wuyan riga. Mafi yawa a bayan fage suke ƙarewa, masu fitar da tsarin yanka, masu zaɓo wa manyan kantuna kaya, masu shirya suturar 'yan fim, kuma babu kamfanin da zai yi mako guda ba tare da su ba.

Wanda ya shiga da abin gida a hannunsa ya fi cin riba. Kenneth Ize ya yi karatu a jami'ar fasaha ta Vienna, amma da aso-oke na masaƙan Najeriya ya kai zagayen ƙarshe na gasar tsara tufafi ta LVMH a 2019, ya kuma kafa masaƙa a Ilorin. Ɗalibin da ya fito daga Kano ko Zariya yana da marinar Ƙofar Mata, da saƙi, da aikin hannu na aska takwas a gaban babbar riga, kowanne ya isa jigon binciken shekara guda.