AMSA-KUWWA A CIKIN BIDIYO: MAGANIN YANA FARAWA TUN DAGA ƊAKI

Daga Yamai zuwa Damagaram, samari da yawa sun mai da ɗaukar bidiyo sana'a. Wani yana ɗaukar wa'azi, wani jawabin likita game da rigakafi, wani kuma hira da dattijo mai tarihin garinsu. Sau da yawa hoto yakan fito tas, amma murya kamar daga cikin rijiya take fitowa. Wannan ita ce amsa-kuwwa. In ta yi yawa, aiki ya lalace, domin jawabin da ba a ji ba bai isar da saƙo ba.

Sauti yana tafiyar mita 340 ko fiye kaɗan a daƙiƙa ɗaya. Idan mutum ya yi magana a cikin ɗaki, kashi ɗaya na muryarsa yakan shiga mikro kai tsaye, sauran kuwa su bugi bango da rufi da daɓe, su dawo a makare. In bangon yana da nisan mita 17, kunne yakan ji kalmar sau biyu a rarrabe. A ƙaramin ɗaki kuwa, muryoyin da suka dawo sukan cakuɗe da ta asali, kalma ta hau bayan kalma. Ɗakin siminti mai kwanon rufi, wanda babu kaya a cikinsa, shi ya fi kowane muni.

Matsalar ta girmi bidiyo. A shekarar 1895, jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malami, Wallace Sabine, gyaran wani zauren karatu inda kalma takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta mutu. Sai ya riƙa aro matasan kujeru daga wani zaure, yana shimfiɗa su da dare yana aunawa. Ya gano cewa gwargwadon yawan kaya masu taushi, gwargwadon saurin mutuwar amon. Har yau a kan wannan bincike masu gina ɗakunan radiyo suke dogara.

Yanzu manhajojin haɗa bidiyo sun kawo nasu taimako. A shekarar 2018 kamfanin Adobe ya sa wa Premiere Pro wani abin aiki mai suna DeReverb. Yakan ƙiyasta jelar da ke bin kowace kalma, ya rage ta. A shekarar 2022 DaVinci Resolve ta fito da Voice Isolation, mai ware muryar mutum daga hayaniyar da ke kewaye da ita, Adobe kuma ya fito da Enhance Speech. Waɗannan sababbi an horar da su ne da ɗimbin muryoyi, har suka koyi kamar murya mai tsabta.

Amma akwai iyaka. Ƙarar fanka ko ta injin wuta tana da sauƙin cirewa, domin daban take da magana. Amsa-kuwwa kuwa muryar mai maganar ce da kanta, ta dawo ta haɗu da kanta, kamar gishirin da ya narke a miya. Wanda ya matsa wa manhaja fiye da kima zai ji murya ta koma ta ƙarfe, ƙarshen kalmomi ya yanke. Ga Hausa wannan ba ƙaramin lahani ba ne, tun da tsawon wasali shi ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Saboda haka gwanaye sukan ajiye kwafin asali, su fara ragewa kaɗan-kaɗan, suna saurare da abin sawa a kunne, su tsaya da zarar magana ta fito sarai, ko da ɗan amo ya saura.

Abin da ya fi duka shi ne shiri kafin ɗauka. Idan aka rage tazarar da ke tsakanin baki da mikro da rabi, ƙarfin muryar da ke shiga kai tsaye yakan ninka sau huɗu, alhali amon ɗaki yana nan kusan yadda yake. Ƙaramin mikro na maƙalawa a wuyan riga ya fi wayar da aka kafa a can nesa. A shimfiɗa darduma, a saki labule, a rataya barguna, a jingina katifa a bango. In da hali, a fita zuwa rumfar zana lokacin da gari ya yi shiru. Kafin a fara, a tafa hannu sau ɗaya: in tafin ya yi jela, ɗakin bai shiryu ba.

Ana iya sake ɗaukar talla ko waƙa gobe. Dattijo mai shekara 90 kuwa, ba kullum ake samunsa ya sake ba da labari ba, kuma babu manhajar da za ta mayar da kalmar da bango ya cinye. Masu wannan sana'a su tuna: rigakafi ya fi magani.